Firijin Amarya Mai Ƙofa Biyu: A Auna Wuta da Ƙofa Kafin a Biya Kuɗi

Assalamu alaikum. 'Yata ta fari za a aurar bayan Babbar Sallah, ina cikin haɗa kayan ɗaki. Ta nace sai babban firijin nan mai ƙofa biyu da ake buɗewa kamar wadurob, mai ba da ruwan sanyi da ƙanƙara ta jikin ƙofa. Gidan da za ta zauna na haya ne a nan Kano, a saman bene. Wuta ba ta wuce awa takwas a rana, ruwa kuma daga tankin saman rufi yake saukowa. Angon yana da ɗan ƙaramin janareto. Wani ɗan kasuwa ya nuna min ɗan kwatano daga Amurka a rabin kuɗin sabo. Yayata ta ce asarar kuɗi ce, ni kuma ba na son yarinyar ta ga kamar na gaza mata. Ta yaya zan gane mai kyau, wane girma ya dace, kuma yaya ake kula da shi?

Wata uwa, Kano

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin lafiya.

Ɗan kwatanon nan na Amurka, ki bar wa mai shi kayansa. Sabon kuma, maganar yayarki tana kan hanya, amma fa ba don firijin ba shi da kyau ba. Firiji ne na gidan da wuta ke zama, gidan da kika kwatanta kuwa ba ya cikinsu, sai in za a haɗa masa sola. Ga dalilan, sai ku yanke shawara ke da amarya da angon.

Ki fara tabbatar da wanda ake nufi, domin manyan firiji masu buɗewa ta tsakiya kala uku ne a kasuwa, 'yan shago kuma sukan kira su da suna ɗaya. Wanda 'yarki ke so ƙofofinsa biyu ne dogaye, daga sama har ƙasa. Ta hagu siririya ce, ita ce firiza, ta dama ta fi faɗi, ita ce ɓangaren sanyi. Akwai wanda ƙofofin saman duka biyun ɓangaren sanyi ne, firizarsa aljihu ce da ake jawowa a ƙasa, akwai kuma mai ƙofa huɗu. Ki buɗe da hannunki. In kika ga bango a tsakiya ya raba cikin gida biyu daga sama har ƙasa, to shi ne. Wannan bangon shi ne amfaninsa, shi ne kuma matsalarsa. Ƙofofin ba su da faɗi, don haka ba sa tare hanya a matsattsen kicin, kuma abin da ake yawan ɗauka yana daidai ido. Amma cikin firizar faɗinsa bai cika wuce santimita 30 zuwa 35 ba. Babban faranti ba ya shiga, cinyar rago sai an sassara ta, bokitin markaɗen kayan miya sai an rarraba shi a ƙananan robobi.

Batun wuta shi ne mai nauyi, don haka za mu daɗe a kansa.

Irin wannan firijin ba ya tara ƙanƙara a bango. A yawancinsu, bututun da ke samar da sanyi yana ɓoye a bayan bangon firiza, fanka tana hura iskar zuwa ko'ina, wani ɗan marfi kuma yana buɗewa yana rufewa don ya bai wa ɓangaren dama rabonsa. Lokaci-lokaci wata hita takan kunnu ta narkar da ƙanƙarar da ta kama bututun, ruwan ya bi wata kafa ya sauka a faranti kusa da kwamfireso, wato injin da ke tura gas ɗin sanyi, zafinsa ya busar da shi. Duk wannan da wuta yake tafiya. Da an ɗauke, fanka ta tsaya, kuma babu wata ƙanƙara a bango da za ta riƙe sanyin. Ga shi iska mai sanyi nauyi gare ta, duk buɗe doguwar ƙofa sai ta kwararo ƙasa ta fice, ta kicin mai zafi ta maye gurbinta. Firiza ta kwance, mai marfi a sama, ko an buɗe ta sanyin yana zaune a ciki kamar ruwa a randa. Shi ya sa masu sayar da ƙanƙara da zoɓo ita suke saya.

Ana so ɓangaren sanyi ya zauna a digiri 3 zuwa 4, firiza kuma digiri 18 ƙasa da sifili. In aka ɗauke wuta ba a buɗe ƙofa ba, ɓangaren sanyi yana kare abinci kamar awa huɗu. Firiza cike maƙil takan kai kwana biyu, mai rabi kwana ɗaya, kuma zafin bazararmu yana rage wannan lissafin. To ki duba gidan amarya: awa takwas da wuta, awa goma sha shida babu. A tsarin rabon wutar Najeriya rukunin D ke nan, alhali firijin ya fi dacewa da rukunin A mai awa 20, ko B mai awa 16. Abin da zai faru shi ne kwamfireso ya yi ta aiki ba hutu duk awa takwas ɗin, kafin nama ya daskare har ciki an sake ɗaukewa. Nama ya saki, ya sake kamawa, ya sake saki. Madara da kunun aya a ɓangaren dama kuwa ba za su kwana lafiya ba.

Cin wutarsa bai kai yadda girmansa ke tsoratarwa ba. Sabo mai kwamfireson inbata, wato mai rage gudu ko ƙarawa gwargwadon buƙata, yakan ci unit ɗaya zuwa ɗaya da rabi a rana, a tsananin zafi ya doshi biyu. Buƙatarsa ita ce wutar ta ɗore. In angon zai haɗa sola, ga lissafin: awa goma sha shida na rashin wuta za su ci kamar unit ɗaya ko ɗan fiye. Batir mai ruwa na bolt 12, amf 200, yana ɗauke da unit 2.4, amma rabi kawai ake iya sha ba tare da an kashe shi da wuri ba. Batir ɗaya ke nan da ƙyar zai riƙe firijin shi kaɗai, ban da fanka da fitila, sai dai biyu. Inbatar solar kuma, wato na'urar da ke mayar da wutar batir ta zama irin ta gida, ta kasance mai ba da tsaftatacciyar wuta irin ta layi, domin masu arahar nan suna sa kwamfireso gurnani da zafi. Ƙaramin janareton nan na wat 650 zuwa 950 kuwa bai kamata a jingina da shi ba. Wutarsa hawa da sauka take, kwamfireso irin na da kuma yakan finciki ninki uku zuwa biyar na wutarsa lokacin tashi. Ko da ya ɗauka, ba wanda zai ƙona fetur awa goma sha shida kullum saboda firiji.

Saboda haka in ba maganar sola a ƙasa, shawararmu ita ce ki raba kuɗin gida biyu: matsakaicin firiji mai lita 250 zuwa 300, da firiza ta kwance mai lita 150 zuwa 200. Sau da yawa kuɗinsu a haɗe bai kai na babban ba, kuma in ɗaya ya lalace ɗayan yana aiki. Wannan ba gazawa ba ce, Hajiya. Mutum biyu ne za su fara zama a gidan, ana kuma ƙiyasta wa kowane babba lita 100 zuwa 150. Mai ƙofa biyun yana ɗaukar lita 500 zuwa 650, kusan kashi ɗaya cikin uku firiza ce. Na gidan mutum biyar ko shida ne. Rabin cikinsa iska zai riƙa sanyayawa, firizar da ba kaya a cikinta kuma ita ta fi saurin hucewa.

In kuwa sola za ta samu, kuma ran yarinya yana kansa, to a saya, amma da sharuɗɗa.

A jikin bangon ciki, ko a baya, akwai 'yar takarda manne mai ɗauke da bayanan firijin. Ita za ki karanta, ki bar zaƙin bakin mai shago. Ki ga an rubuta 220-240V da 50Hz, irin wutarmu ke nan. Ki nemi harafin da ke nuna zafin da aka ƙera shi ya jure: N yana tsayawa a digiri 32, ST a 38, T a 43. Kano takan taɓa 40 a Afrilu da Mayu, kicin ɗin saman bene da ake girki a ciki ya fi haka. Mai T kaɗai za ki karɓa, ko wanda aka rubuta SN-T. Za ki ga lissafin lita iri biyu, ƙaramin shi ne ainihin wurin da kaya ke shiga, da shi za ki kwatanta firiji da firiji. Za ki kuma ga sunan gas ɗinsa, yawancin sababbi R600a ne. A ɗauki hoton takardar a waya a adana, ranar neman kayan gyara lambar samfurin za a tambaya.

Wannan takardar ita za ta tona asirin ɗan kwatanon. Na Amurka 115V ne da 60Hz. In aka soka shi kai tsaye a soket ɗinmu ƙonewa zai yi nan take, sai an haɗa shi da babbar taransifoma mai rage wuta. Taransifomar kuma bolt kawai take ragewa, ba ta mayar da 50 ta zama 60, don haka kwamfireso irin na da zai riƙa juyawa da raguwar kusan kashi ɗaya cikin shida, sanyinsa ya ragu daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Zurfin na Amurka yakan wuce santimita 80, ba shi da garanti, ba ki san shekarunsa ba, fanel ɗinsa, wato allon lantarkin da ke sarrafa shi, in ya ƙone sai an yi sa'ar samun wani mataccen irinsa a ciro. Araha ba ta ado. Kamfanoni irin su LG, Samsung, Hisense, Haier Thermocool da Midea duk suna sayar da wannan samfurin a Najeriya. Abin tambaya shi ne wanne ke da wurin gyara da kayan canji a Kano, kuma garantin me ya ƙunsa. Doguwar shekarar da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a ƙofa galibi ta kwamfireso ce kaɗai, fanel da fanka nasu gajere ne. A karɓi rasit da katin garanti mai hatimin shago.

Sai ruwan jikin ƙofa, wanda shi ya ja hankalin amarya. Iri biyu ne. Akwai wanda ake haɗa wa bututun famfo, akwai mai ɗan tanki na lita uku zuwa huɗu a ciki da ake cikawa da hannu. Mai bututu yana buƙatar ruwa mai ƙarfi, aƙalla "bar" ɗaya da rabi a ma'aunin masu famfo, kowace mita goma ta tsayin tanki kuwa "bar" ɗaya take bayarwa. Ana neman tanki mai tsayin mita 15 ke nan a saman firijin. Ita da take saman bene, tankin bai fi mita biyu ko uku a kanta ba. Ruwan zai riƙa ɗiga ne kamar hawaye, ƙanƙarar ta fito ƙanana masu rami a ciki. Ga matatar ruwa da ake canzawa duk wata shida, ga mai gida da sai ya yarda a huda masa bango. Injin ƙanƙarar ma yana cinye saman firiza, kuma in aka ɗauke wuta ƙanƙarar ta narke ta sake haɗewa dunƙule guda, sai ta cije injin. Ki ɗauki mai tanki, marar injin ƙanƙara. Ruwan sha mai tsafta kawai za a zuba, ban da zoɓo ko lemo, a kuma wanke tankin duk mako.

Kafin ki biya ko sisi, a tura mutum gidan da tef ɗin awo. Yawancinsu faɗinsu santimita 91 ne, tsayi 178 ko kusa, zurfi 65 zuwa 73, nauyi kilo 90 zuwa 120. Ga dabara mai sauƙi: a yanko kwali mai faɗin 91 da zurfin 73, a riƙe shi a kwance kamar faranti, a bi da shi tun daga ƙofar gida, a hau matakala, a juya a kwanar bene, a shiga falo har kicin. Duk inda kwalin ya maƙale, nan firijin zai maƙale. Ta gefe ake shigar da shi, saboda haka zurfin ne zai ratsa ƙofa. A auna ƙofar tana buɗe, daga ƙyaure zuwa ɗaya gefen, don kaurin ƙyauren yana cin santimita uku zuwa huɗu. In ba ta kai 75 ba, sai an cire ƙofofin firijin, gangar jikin ta koma kamar 60 zuwa 62. Aikin ma'aikacin shagon ne, saboda akwai wayoyi a cikin maƙalar sama. A yi wannan yarjejeniyar tun a shago.

Inda zai zauna, a bar santimita 5 a baya da kowane gefe, 10 a sama. In gefe ɗaya bango ne, a bar 10 ko fiye, in ba haka ba ƙofa ba za ta wangale ba, aljihunan ciki kuma ba za su fito ba. A nisanta shi da murhun gas da tagar da rana ke shigowa. Kada a kulle shi a sito marar taga, zafin da yake fitarwa zai dawo masa. In kicin ya matse, gara falo.

Soket nasa shi kaɗai, mai amf 13, mai wayar ƙasa, ba a jona shi da doguwar waya tare da hitar ruwa ko dutsen guga. Tsakaninsa da bango a sa na'urar kariya mai jinkiri, wadda ke yanke wuta in ta yi yawa ko ta yi ƙasa, ta kuma jira minti uku zuwa biyar kafin ta saki. Dalilin jiran shi ne, in aka ɗauke aka dawo da ita nan take, gas ɗin bai gama daidaita a bututu ba, kwamfireso zai tashi da nauyi a kansa. In wutar unguwar tana yawan zuwa da rauni, a ƙara da sitabilaiza mai 2000VA, don ƙarfinta raguwa yake idan wutar da ke shigowa ta faɗi sosai. Firiji mai kwamfireson inbata ya fi sauƙin tashi da ƙarancin ci, amma fanel ɗinsa ba ya jure fizgar wuta, kuma yana cikin mafi tsadar kayansa.

Kulawar yau da kullum ba ta da wuya, sai dai ƙurarmu ba ta yafiya. Duk wata uku, da kuma ƙarshen hunturu, a zare soket, a jawo shi, a kwance murfin ƙasa na baya. Za a tarar da kwandensa, wato bututun da ke fitar da zafi, da fankarsa sun yi bargo da ƙura. A share da busasshen buroshi mai laushi, ban da ruwa. Wannan ƙurar ita ke hana zafi fita, kwamfireso ya yi ta aiki har ya gaji. A duba ko ɓera ya fara cin waya ko kyankyasai sun tare, ɗumin wurin suke bi. Robar ƙofa a goge ta da ruwan ɗumi da sabulu duk wata, musamman ta ƙasa inda miya da zaƙi ke ɗiga. A gwada ta da takardar kuɗi: a rufe ƙofa a kanta a ja, a wurare da dama. In ta zame ba turjiya, iska na shiga ta nan, robar tana son canji. Kada a jingina leda ko tukunya a kan ramukan iska na bangon ciki, kada a sa abinci da zafinsa, a rufe komai da murfi. Iska ɗaya ke zagaya ɓangarorin biyu a yawancinsu, don haka daddawa ko kifin da aka bari a buɗe sai an ji shi a ruwan sha. Ɗan gawayi a kofi yana tsotse wari. Gurbin da ya rage a firiza a cike shi da robobin ruwa, a bar musu ɗan sarari a wuya saboda ƙanƙara kumbura take. Su za su riƙe sanyi in wuta ta tafi.

Ki gaya wa amarya kada ta tsorata in ta ji gefen firijin ko bangon tsakiyar ƙofofin da ɗumi, ko ta ji ƙarar ruwa na gudu a ciki. Haka aka yi shi. Abin da ke nuna matsala daban ne. In firiza na daskarewa amma ɓangaren dama ya huce, ba gas ba ne. Ko fanka ta tsaya, ko marfin iskar ya maƙale, ko ƙanƙara ta toshe bututun saboda hita ko sensarta ta mutu. A kwashe kaya, a kashe shi awa 24 ƙofofi a buɗe. In ya dawo daidai sannan bayan mako ɗaya ko biyu ya koma gidan jiya, to ɓangaren narkarwa ne, canjin hita ko sensa ya wadatar. In ƙanƙara ta shimfiɗu a ƙasan firiza ko ruwa na fitowa ta ƙarƙashin ƙofa, kafar ruwa ce ta toshe, ruwan ɗumi a sirinji yana buɗe ta. In ana jin ƙas, shiru, bayan 'yan mintuna a sake jin ƙas, kuma ba sanyi, kwamfireso ne ke son tashi ya kasa. A fara auna ƙarfin wuta, sannan a duba rile, wanda ɗan ƙaramin abu ne mai araha, kafin a yarda da maganar canza kwamfireso.

Duk mai gyaran da ya zo bai buɗe komai ba ya ce gas ya ƙare, a sallame shi. Gas ɗin firiji a rufe yake zagayawa, ba ya ƙarewa sai in bututu ya huje, ƙari ba tare da an gano hujin an toshe ba kuwa zubar da kuɗi ne. R600a yana kama wuta, awonsa 'yan giram ne da aka rubuta a takardar nan, da sikeli ake zuba shi, kuma ba a musanya shi da R134a don man kwamfiresonsu ba ɗaya ba ne. Saboda haka ma ba a sa wuƙa a ɓamɓari ƙanƙara, ko kusantar da wuta in ana zargin yoyo.

Ranar jere, a ɗauko shi a tsaye cikin kwalinsa, a ɗaure da igiya a mota. Maza huɗu za su hau da shi bene, kada a karkata shi fiye da rabin kwanciya, kada kuma a riƙe shi ta hannun ƙofa. In ya isa, a murza ƙafafun gaba har gaban ya ɗan fi bayan tsayi, yadda ƙofa za ta koma ta rufe da kanta. In ƙofa ɗaya ta fi ɗaya tsayi, a ɗaga ƙafar ɓangaren da ya yi ƙasa. A bar shi awa huɗu ba a kunna ba don man kwamfireso ya koma mazauninsa, in kuwa dole ta sa an kwantar da shi a hanya, sai ya kwana ya wuni. Gidan zai cika da 'yan jere masu neman ruwan sanyi, don haka ki wakilta mutum ɗaya ya tsare soket ɗin. Bayan an kunna, a bar shi ba kaya awa huɗu zuwa shida, sannan a fara zuba nama kaɗan-kaɗan, kilo biyar ko shida a lokaci guda, a shimfiɗe cikin leda, wani ya daskare kafin a ƙara wani.